Ranar da na kankare ƙofar madaci da hasken leza

Ƙofar da aka ba ni aikin kankarewa ta madaci ce, mai ganye biyu, an sassaƙa mata dagi a tsakiya. Shekara da shekaru ana lafta mata banish har zanen ya cike, ta koma baƙa ƙirin. Samfefa ba ta shiga lungun sassaƙa, in ka matsa kuma sai ta cinye bakin zanen. Shi ya sa na roƙi wani abokina mai walda ya zo da injinsa na leza, wanda yake cire tsatsa da shi.

Injin mai ƙarfin wat 200 ne, irin wanda ke harba hasken ɗis-ɗis cikin sauri. Akwai manya masu wat 1500 da ke zuba haske babu yankewa, su kam na ƙarfe ne, katako gawayi za su mai da shi. Hasken da ke aikin ido ba ya ganinsa, jan layin da kake gani na saiti ne kawai, don haka sai da tabarau na musamman. Baƙin banish shi ke shanye zafin ya tashi hayaƙi, katakon da ya fi shi haske kuma ya tsira, muddin hannunka na tafiya.

Nawa hannun ya tsaya. Ɗoki ya sa na karɓi bindigar da ke harba hasken ban tambayi komai ba, na ɗan dakata in ga abin mamaki, sai ga ƙauri da baƙin layi kamar an ɗora dutsen guga. Abokina ya ce, "Haba maigida, ai saitin ƙarfe ne a kai!" Allah ya taimake ni a bayan ƙofar na fara, can ƙasa.

Muka rage ƙarfin sosai, muka ƙara gudun hasken, na riƙa bin tsawon katakon ina maimaitawa sau uku ko huɗu a hankali. Banish ya dinga tashi, jan madaci na fitowa, har sawun kurfin masassaƙin ya bayyana a cikin dagin. Hayaƙin fa ba na wasa ba ne, tsohon fenti kan zo da dalma, dole muka fita tsakar gida da takunkumi da fanka.

Inda aka taɓa ɗiga farin fenti kusa da makulli, hasken ya ƙi cinsa, da wuƙa na kankare. Tabon ƙunar nan kuwa sai da na ci katako da samfefa kafin ya dushe, kuma na nuna wa mai ƙofar wurin tun kafin ya biya ni.