Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Zazzaɓin da ya kai Baba aji

Salam jama'a, satin da ya wuce nace zan baku labarin Baba da ƙaninsa Baffa, to gashi.

A 1976 da gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowane yaro, mai gari ya sa aka bi gida gida ana rubuta sunayen yara a ƙauyenmu dake arewa da Daura. Kakanmu malamin allo ne, shi a wurinsa boko hanyar lalacewar yaro ce, cikin dare ya ɗora Baffa kan jaki aka tsallaka iyakar Nijar dashi ta Kongolam sai wajen dangi a Damagaram. Baba yana kwance zazzaɓi ya kada shi ba halin tafiya, shi aka samu a gida, shi aka rubuta.

Daga nan hanya ta rabu. Baba ya kai har kwalejin horon malamai ya dawo yana koyarwa a firamare, mu takwas ya haifa babu wanda bai gama sakandare ba. Baffa ya sauke Alƙur'ani, wallahi malami ne na gaske, amma a Nijar aikin gwamnati da Faransanci ake yi kuma yaransa ko ɗaya bai taka lekol (makarantar boko) ba, 'yarsa da muke sa'anni ta fini kai nesa ba kusa ba, tana sha biyar aka mata aure, har yau in na tuna abin yana min ciwo.

Ni kuwa Baba gonarsa ta bakin fadama ya saida ya turani Khartum karatun likita. Ina aji uku yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 cikin azumi, muka kwashe kwanaki a iyakar Masar muna kwana a ƙasa, takarduna na ɗaure a leda cikin hijabi don su kaɗai na tsira dasu.

Kwana biyu da dawowata Baffa yazo barka da arziki, riƙe da hannun jikansa ɗan shekara shida, kayan yaron a buhun shinkafa. Bayan la'asar suna kan tabarma naji yace, "Yaya, ga wannan na kawo maka, ka sa shi inda ka sa naka."

Baba ya daɗe kansa a ƙasa bai ce uffan ba, can ya kira Inna yace a shimfiɗa wa yaron a ɗakin samari.

Sati mai zuwa in sha Allah zan faɗa muku yadda na koma aji ɗaya a Katsina.