Godiya ga waɗanda sunka taimaka mana da ruwan madafa

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, ruwan nan da ya hana mu sakat a ƙarƙashin lababon wanke-wanke an gano inda yake fitowa kuma an gyara, to na ce bari in fito fili in yi godiya tunda a fili na yi kuka.

Waɗanda sunka shigo gidan sun gani da idonsu, kullum da asuba sai mu tarar da ruwa kwance a kan karo, katakon kabad ya kumbura yana wari, fentin bango yana ɓarewa har damshi ya ratsa ɗakin maƙwabta, amma da rana ka tsuguna ka duba babu ko ɗigo. Mai gidan kuma yana Kano wajen kaya. Wani ya ce a fasa karo, wani ya ce tiyon cikin bango ne ya fashe a kira magini, har da mai ce mini damina ce, a tsakiyar bazara fa!

Godiyata ta farko ga Baba plombiye na unguwar Zariya, Allah ya ƙara ma rai albarka. Da ya zo ko guduma bai ɗauko ba. Cewa ya yi, "ɗiyata, rufe duk robine na gidan, har na makewayi." Ya tafi ya tsaya gaban kontar ruwa yana kallon ƴar tauraruwar nan da ke juyawa in ruwa na wucewa, ya nuna mini baƙaƙen lambobi su ne mita kib, kowane ɗaya lita 1000, jajayen kuma lita. Ya ce in komai a rufe yake tana motsi, yoyon yana kan hanyar shigowar ruwa, in ta tsaya cik sai a fara zargin hanyar fita. A lokacin ba ta motsa ba, amma bai yarda ba, ya ce ruwan rana ba shi da ƙarfi kowa na ja, a rubuta lambar da dare a sake dubawa da asuba kafin kowa ya yi alwala. Haka munka yi, sai ga jajayen sun matsa.

Ya dawo ya sa anka kwashe tukwane da bokitai, anka goge wurin ƙarƙaf, ya shimfiɗa busasshen kwali. Ya toshe lababo ya cika shi da ruwa ya bari ya jima, sannan ya saki gaba ɗaya yana haska sifon, wato tiyon fitar ruwa na ƙarƙashin lababo, da tocila, ya zuba ruwa a gefen da lababo ya haɗu da bango ko silikon ya saki, duk lafiya lau. Daga nan ya ɗauki busasshen tsumma yana taɓa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya ce ruwa bin tiyo yake yi ya gangara, inda yake ɗiga daban inda yake fitowa daban, shi ya sa ba a farawa daga ƙasa. Ashe ƙaramin tiyon nan mai saƙar ƙarfe da ke kai ruwa robine ne ya tsage can sama ta baya, wajen da anka matse bakinsa, sai cikin dare da ruwa ya yi ƙarfi yake tsartuwa ya bi bango. Abin da za a rushe mini madafa a kansa kenan. Ya canza ƙananan tiyon robine duka biyun, ya ce tsararrakin juna ne, kuma robar cikin bakin tiyon ita ke riƙe ruwa, ba sai an yi ta naɗa farar ledar nan ta teflon ana murɗawa da ƙarfi ba.

Na gode ma yaronsa da ya yi ta kai da kawowa babbar kasuwa cikin ranar nan, da mai shagon da ya karɓi tiyon farko ya musanya ba gardama da anka ga girman bakinsa 15/21 ne alhali 12/17 ake so.

Alhaji maƙwabcinmu, kai ka nemo Baba kuma ka tsaya a gidan har anka gama saboda mai gidan ba ya nan, bangonka ne ya jiƙe amma ko fuska ba ka canza mana ba, Allah ya bar zumunci. Hajiya, ke kuma ban san da bakin da zan gode miki ba, a madafarki na yi ta girki da wanke-wanke, yara suna ɓata miki wuri kina cewa ai gida ɗaya ne. Yaya, na ga saƙon da ka turo, Allah ya ƙara buɗi. Matan gurup ɗinmu na WhatsApp, har masu cewa a fasa bango, na san don kulawa ne, na gode.

Baba ya ce a bar kabad a buɗe bango ya sha iska sosai kafin a shafa fenti, don haka Alhaji a ƙara mana haƙuri kaɗan, gyaran ɗakinku yana wuyanmu. Mai son lambar Baba ya biyo ni ta ciki. Allah ya saka ma kowa da alheri, amin.