Abin da kalmar thumos ta koya mini game da fushi

A cikin kalmomin Girkawan dā da na ci karo da su a karatun falsafa, babu wadda ta tsaya mini a rai kamar thumos, domin ta haɗa fushi da kishin kai da zafin naman da ke tura mutum fagen fama. A waƙoƙin Homer, shahararren mawaƙin Girkawan dā, thumos yana zaune ne a ƙirji, yana tafasa, yana ingiza jarumi, jarumin kuma yakan yi shawara da shi, idan ajali ya zo sai ya fice daga gaɓoɓinsa. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, tunda shi ma yakan ce zuciya ta ɗebi wane, yakan kuma raina wanda zuciyarsa ta mutu.

Wurin da na fi ƙaruwa shi ne kashi na 4 na littafin Jamhuriya, wanda masanin falsafar Girka Aflatun ya rubuta wajen shekara ta 375 kafin haihuwar Annabi Isa. A can ya kasa ran ɗan Adam uku: hankali, sha'awa, da thumos a tsakaninsu. Don ya nuna cewa thumos dabam yake da sha'awa, sai ya kawo labarin Liyontiyos, wanda yake tahowa daga tashar jiragen ruwa ta Firayus, ya hangi gawarwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa a bayan ganuwar Atens. Ransa yana son kallo, yana kuma ƙyamar hakan, sai ya rufe fuskarsa. Da sha'awa ta rinjaye shi, ya ruga wurin, ya buɗe idanunsa yana zaginsu, yana ce musu su kalla su ƙoshi. Fushin nan da ya yi da kansa shi ne thumos, kuma bayan hankali ya goya.

Wannan labari ya sa na daina yi wa kowane fushi kuɗin goro. Zafin da mutum yake ji idan ya aikata abin kunya, ko ya ga an danne marar gata, daga tushe ɗaya yake da zuciyar da ke rufe ido ta yi ɓarna, bambancinsu kawai shi ne wanda suke yi wa biyayya. Aflatun ya kwatanta thumos da karen makiyayi, mai kai hari da gaske amma yana komowa da zarar ubangidansa ya kira shi, kuma a ganina ya yi gaskiya.

Shi ya sa tarbiyyar da ya tsara wa matasa a kashi na 3 ba ta nemi kashe wannan zafi ba. Ya ce motsa jiki zalla yakan mai da yaro mai taurin kai da kaushin hali, kiɗa da waƙa zalla kuma sukan narkar da zuciyarsa har ya zama rago, saboda haka ya so a gwama su tun yaro yana ƙarami.