Digirin kwamfuta da bashi: lissafin da na yi wa ɗan yayata

Duk yaron da ya ƙudurta cin bashi don ya karanci kimiyyar kwamfuta a Amurka, adadi ɗaya ne ke yawo a kansa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta ce matsakaicin albashin masu rubuta manhaja ya haura dala 130,000 a shekara. Ba na musun wannan, ni ma sana'ar da nake ci da ita ke nan. Sai dai an haɗa kowa da kowa ne a lissafin, har da wanda ya yi shekara ashirin yana aikin, da wanda ke zaune a garin da kuɗin haya ke cinye kaso mai tsoka na albashi. Sabon shiga ba daga nan yake farawa ba.

Ɗan yayata ya samu gurbi a jami'o'i biyu. Ɗaya ta jihar da iyayensa ke zaune ce, zai riƙa zuwa daga gida. Ɗayar mai zaman kanta ce, sunanta ya yi tambari, kuma ko bayan rangwamen da suka yi masa sai ya ciyo kusan dala 30,000 duk shekara. Da na nuna damuwa sai ya ce, "Haba Kawu, ai ina fara aiki shekara biyu na biya." Na ce to, ɗauko takarda.

Bashin gwamnatin tarayya yana da iyaka. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa dala 5,500 zai iya karɓa a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku, jimilla ba za ta wuce 31,000 ba. Kuɗin ruwan waɗanda suka karɓa a zangon 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 cikin 100 ne. Idan aka raba biyan a shekara goma, abin da zai riƙa fita duk wata bai wuce dala 350 da 'yan kai ba. Wannan ko da ƙaramin albashi mutum zai iya ɗauka, kuma idan aiki ya tsaya akwai tsarin biya daidai da samu. Abin da ya haura wannan iyaka kuwa, ko dai iyaye su ciyo da sunansu, ko a tafi wurin masu ba da rance na kasuwa, su kuma sai an kawo wanda zai tsaya wa yaro. Muka ƙaddara dala 120,000, wato 30,000 sau shekara huɗu, da ruwan kashi 10. Sai ga kusan dala 1,600 duk wata har shekara goma, a ƙarshe ya biya wajen 190,000. Ban ma saka ruwan da ke taruwa tun yana aji ba. Ko kotu ta tabbatar mutum ya karye, da ƙyar ake yafe irin wannan bashi, kuma ranar da ya gaza, ƙofar mahaifiyarsa za a ƙwanƙwasa tunda ita ta sa hannu.

Abin da na fi jin tsoro ma ba girman bashin ba ne. Albashin nan da ake kwaɗayi yana da sharuɗɗa: sai ka gama, sai ka samu aiki, sai aikin ya zama na fannin. Bashi kuwa ba ruwansa da ko ɗaya. Na ga yara masu son kwamfuta da gaske, suna iya kwana suna haɗa shafin intanet, amma da suka ci karo da lissafin da ke ƙarƙashin abin, wato tsarin ajiye bayanai da auna saurin dabarun warware matsala, sai suka sauya fanni a shekara ta biyu, wasu suka bar makarantar gaba ɗaya. Wanda ya fita ba takarda da bashin shekara biyu a wuya, shi ne aka fi cuta, kuma ba za ka gan shi a wancan matsakaicin albashi ba.

Kasuwar ma ba kullum take ci ba. A Nuwamban 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ta sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Ƙwararru suka dawo suna rububin guraben da a da na sababbi ne. Alƙaluman da reshen babban bankin Amurka na New York ya fitar a 2025 sun nuna kusan kashi 6 cikin 100 na sababbin masu digirin fannin ba su da aiki. Ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta ƙananan ayyukan da muke ba wa masu koyo. A ganina sana'ar ba za ta mutu ba, amma ƙofar shiga ta ƙara tsukewa.

Da a Ingila yake, da ban ɗaga murya ba. Wanda ya fara karatu can daga Agustan 2023, kashi 9 ake cira daga abin da ya haura fam 25,000 na samunsa, bayan shekara 40 a shafe saura. Ya fi kama da haraji.

Sunan makaranta fa? Yana da amfani, ba zan ɓoye ba, yakan sa a buɗe takardarka da wuri a neman aikin farko. Amma a wurin ganawa matsala za a ba ka a ce rubuta mu gani, sannan a tambayi inda ka yi aikin koyon sana'a lokacin hutu. Bayan aikinka na biyu da wuya wani ya sake tambayar inda ka yi karatu.

Na sa shi ya buɗe College Scorecard, shafin ma'aikatar ilimi da ke nuna albashi da bashin waɗanda suka gama kowane fanni a kowace jami'a. Tazarar albashin makarantun biyu ba ta kai ko kusa da tazarar bashinsu ba. Masu ba da shawara kan ce kada bashinka ya wuce albashin shekararka ta farko. Ni na ce masa ya yi lissafin da albashin wanda bai yi sa'a ba, ya kuma ƙara wata shida na zaman jira.

Idan suna yake so a takarda, jami'ar Georgia Tech na ba da digiri na biyu a fannin ta intanet tun 2014, a kan 'yan dubban daloli. Zai iya yinsa da dare yana aiki, wasu kamfanonin ma su ke biya wa ma'aikatansu.