Tsatsar da ta ci ƙofar motata

Motata Golf 3 ce, 'yar Kwatano. Ranar da na saye ta fenti sai sheƙi yake, ban ko durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba. Damina biyu ta yi a hannuna a Kaduna, sai na ga fentin gindin ƙofar direba ya fara kumbura kamar borin jini. Na danna da ɗan yatsa, wurin ya burma.

Da na kai ta wurin mai gyaran bodi, wani dattijo, sai ya kama wayar ƙarfe ya zura a ƙasan ƙofar. Laka ta zubo, ruwa ya biyo baya.

"Malam, ka san da waɗannan ramukan?"

"Wallahi Baba, yau na fara ganinsu."

Ashe kowace ƙofa tana da 'yan ramuka a gindinta domin ruwan da ya bi gilashi ya samu hanyar fita. Ƙurar hunturu ta toshe su, ruwan damina ya zo ya kwanta a ciki, ƙarfe ya yi ta ci daga ciki ni ina ta goge waje. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuwa ƙara mata sauri yake. Shi ya sa motocin da suka fito daga Turai ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sukan iso da ciwon a shasi tun kafin su sauka daga jirgi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da muka tarar a madgad na baya. Wani ya taɓa shafe tsatsar da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi, ya fesa fenti a kai. Wannan ha'inci ne, don tsatsar tana nan tana aikinta a ƙarƙashi. Baba ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya yi waldar sabon ƙarfe. Inda bai huje ba ya bi da burushin waya da samfefa har ƙarfen ya fito fari tas, ya goge ya bushe, ya shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan fenti. Kwana 4 motar ta yi a wurinsa.

Wasu suna fesa baƙin mai a ƙasan mota. Yana korar ruwa, amma yana lalata robobi yana tara ƙasa, ni dai na fi son giris a kan kusoshi da mahaɗai.

Yanzu duk watan Afrilu, kafin ruwan farko, nakan buɗe ramukan ƙofofin da waya, in ɗaga kafet in taɓa ko da danshi, in duba mazaunin batir don ruwansa ma yana cin ƙarfe. In na bi hanyar laka kuma, ba na barin mai wanki sai ya sa tiyo a cikin madgad huɗun nan ina tsaye.