Manhajar da Ba Ta Tsoron Ɗaukewar Wuta

Akwai wani kantin magani a nan Kano da na haɗa wa manhajar lissafin kaya tun kwamfutarsu tana kan Windows XP. Microsoft ya daina tallafa wa XP a 2014, Windows 7 ta bi sahu a Janairun 2020, masu kantin sun sauya kwamfuta sau uku, amma manhajar tana nan daram, ko cinikin yini ɗaya bai taɓa salwanta ba. Da irin wannan aikin nake alfahari.

Maigidan da ya koya mini sana'ar, Allah Ya jiƙansa, bai damu da kyan allo ba. In na ce na gama, sai ya sa in fara shigar da rasit, ina tsakiyar bugawa ya miƙa hannu ya zare filogi daga bango. "To, yaro, kunna mu gani." Idan kuɗi ya shiga amma kaya ba su ragu a sito ba, aiki ya koma farko. Har gobe haka muke gwada duk abin da zai fita daga shagonmu.

Shi ya sa muke adana bayanai da SQLite, wata ƙaramar manhajar ajiyar bayanai, a cikin na'urar mai kanti. Ko dai ciniki ya shiga ɗungurungum, ko kada ya shiga sam, kuma masu kula da SQLite sun ce niyyarsu su ci gaba da kula da ita har 2050. In intanet na da ƙarfi, manhaja ta tura kwafin komai. In ta yi rauni, ta tura alƙaluma ta bar hotuna. In babu, ta jera su ta jira. Lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a Maris ɗin 2024, masu hulɗa da mu ciniki suka ci gaba da yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin sha yanzu magani yanzu. Kullum sai wani ya ce, "Injiniya, ai akwai mai yi mini a rabin kuɗinka." Akwai kuwa. Sai ya kwaso aikin wani, ya sauya launi, ya karɓi kuɗi. Da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, waɗannan manhajoji suka tsaya cak a kan 5, don an binne lambar a cikin rubutun manhajar, mai aikin kuma wayarsa a kashe. Namu, mai kanti ya buɗe saiti ya gyara da hannunsa.

Akwai wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a durowata. Duk sabon aiki sai ya gudu a kanta kafin in yarda ya bar shagon.