Ranar da -1 ta cinye mana yini guda

Lokacin da na fara rubuta direban Linux (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura) a wurin aiki, duk inda abu ya ƙi sai in buga return -1 in wuce abina, a ganina ai kuskure kuskure ne. Ashe a kanel, wato zuciyar Linux, -1 tana da suna, EPERM ce, wato ba ka da izini. Abokin aikina ya yini yana fama da umarnonin izini na sudo da chmod yana bin fayilolin na'urori na /dev ɗaya bayan ɗaya, alhali sensar zafin da ke kan I2C (layin wayoyin da ake magana da ita ta kansa) ce ta yi shiru don waya ta saki. Layin I2C ɗin ya riga ya miƙo min -ENXIO, lambar da ke cewa an kira adireshi ba wanda ya amsa, ni na zubar da ita na sa tawa. Wallahi har yau abin yana min ciwo, ni na ɓatar da bawan Allah.

Kuskure na biyun ya fi wannan wahalar da mu. Direban yana neman abin da ke ba sensar wuta, wani lokaci shi wancan bai gama tashi ba sai kanel ta dawo da -EPROBE_DEFER, lamba 517, ma'ana dakata za a sake kiranka anjima, ni kuma sai na mayar da ita -ENODEV don na ga kamar ta fi kyan gani, to ita -ENODEV a wajen probe, wato lokacin da kanel ke gwada haɗa direba da na'ura, cewa take wannan na'urar ba tawa ba ce, kanel ta yarda ta wuce shiru ba ta sake waiwayo ba. Yau bod, allon da sensar ke kai, ya yi aiki, gobe ya ƙi. Oganmu da ya duba cewa kawai ya yi, malam wa ya ce ka canza lambar da aka ba ka?

Sauran a hankali na tsince su. Umarnin ioctl (hanyar da manhaja ke aiko wa direba umarni na musamman) da ba ka sani ba, amsarsa -ENOTTY ce, ba -EINVAL ba. copy_from_user, mai kwafo bayanai daga wajen mai amfani zuwa kanel, ba lambar kuskure take dawowa da ita ba, yawan bayit ɗin da suka rage ne, kai za ka ce -EFAULT. Ita kuwa -ENOTSUPP ta cikin kanel ce kawai, in ta fita waje mai amfani "Unknown error 524" zai gani, -EOPNOTSUPP ake so.

Satin nan ma tsoffin direbobina nake bi da grep, umarnin binciken rubutu, ina zaƙulo -1 ɗin da na bari.